Haruffan stensil: daga buhun kaya zuwa bangon Khartum

Stensil, wanda Faransawa ke kira pochoir, faranti ne na kwano ko kwali ko roba da aka huda siffar harafi a jikinsa. Ana ɗora shi a kan buhu ko bango, a shafa fenti ko a fesa, harafin ya fito.

Yadda ake gane su

Alamarsu ita ce yankewar da ke jikin harafi. In aka huda O ko B ko D gaba ɗaya, cikinsa zai faɗo, don haka ake barin ƴar gada da za ta riƙe shi. Masu kauri, masu ƴan ƙafafu a ƙarshen kowane layi, sun fi karantuwa daga nesa, shi ya sa sojoji da ƴan kasuwa suka daɗe suna sa wa akwatuna da buhuna alama da su.

Daga baya larura ta zama ado. A 1911 mai zanen Faransa Georges Braque ya sa irin waɗannan haruffa a zanensa. A 1937 aka fitar da salon ɗab'i iri biyu a Amurka, duka da sunan Stencil: ɗaya na Gerry Powell, ɗaya na R. Hunter Middleton. Yau kamfanoni na zaɓen su a tambari don nuna ƙarfi da ƙarko.

A Khartum da Omdurman

A nan rubutun Larabci ne ya mamaye alluna, kuma yana da tasa wahalar: haruffansa a haɗe suke, gadar kuwa tana tsinka su. Haruffa masu ido kamar sad, ɗa, ƙaf da mim sai an bar musu gada, amma ɗigo huda ɗaya ya ishe shi.

Stensil ya yi tashe a zanga-zangar da ta fara a Disambar 2018. Taken "Tasgut bas", wato ta faɗi kawai, ya bazu a bangaye saboda faranti ɗaya na iya buga shi sau da yawa cikin ƴan mintuna. Bangayen da ke kewaye da hedikwatar soja, inda aka fara zaman dirshan ranar 6 ga Afrilun 2019, sun cika da zane da rubutu. Bayan an tarwatsa zaman ranar 3 ga Yuni, an shafe da yawa daga cikinsu.

Ga mai rubuta Hausa

Yawancin salon stensil na kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Mai shago a Omdurman, Maraɗi ko Kumasi ya duba wannan kafin ya biya kuɗin allo, kada ƙafa ta koma kafa. A kuma ware haruffan wa suna ko kanu, domin dogon bayani da su yana gajiyar da ido.