Gado da Ciwon Baifola

Ciwon baifola larurar ƙwaƙwalwa ce da ke kai mutum da komowa tsakanin zumuɗi mai wuce kima da baƙin ciki mai nauyi. Yana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da gado ya fi tasiri a kansu. Binciken tagwaye ya nuna cewa gado ne ke da alhakin kashi 60 zuwa 85 cikin 100 na bambancin haɗarin kamuwa tsakanin mutane. Duk da haka, tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya ma, sau da yawa ɗaya kan kamu ɗaya ya tsira.

Babu ƙwayar gado guda da ke haddasa shi. A 2021, wani bincike a mujallar Nature Genetics kan majinyata sama da 40,000 ya gano wurare 64 a cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Cikinsu akwai CACNA1C, mai tsara shigar sinadarin kalsiyam cikin ƙwayoyin jijiya.

Majinyata da dama kan yi fama da raunin mai da hankali, tuna abin da aka faɗa musu da tsara aiki, ko a lokacin da suka samu sauƙi. Ana ganin irin wannan rauni, amma kaɗan, a 'yan uwansu na jini masu lafiya. Sai dai lamarin ba raunin basira ba ne: wani binciken Suwidin na 2010 ya gano cewa ɗaliban da suka fi hazaƙa a shekara 16 sun fi matsakaita haɗarin kamuwa kusan ninki huɗu.

Abin damuwa, akasarin waɗanda aka bincika a nazarin gadon ciwon 'yan asalin Turai ne, 'yan Afirka ƙalilan.