Wa Shehu Ya Fara Yi Wa Kashedi?

Mu 'yan Tambuwal da Kebbe mun tashi muna jin waƙoƙin wa'azi a bakin tsofaffi da almajirai, har muka ɗauka talaka mai sakaci da salla kaɗai suke tsoratarwa. Wanda ya saurari waƙar Tabbat Haƙiƙa da kunnen basira zai gane ba haka ba ne.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya tsara ta da Fillanci, ta iso Hausa ta hannun 'ya'yansa. Lokacin da ya tsara ta, an riga an ci Alƙalawa a 1808, mulki ya dawo hannun jama'arsa, don haka kashedin nasu ne. Mai sarautar da ya ci dukiyar talakawa, alƙali mai karɓar rashawa, wanda ya bautar da ɗa, duk wuta aka ambata musu. A littafinsa Kitabul Farƙi ma ya soki sarakunan Hausa kan karɓar gaisuwa da maye haddi da tara, abin da ke ba mai hali damar fansar kansa.

Gidan Shehu ne ya kafa sarautar Tambuwal, ta wajen Muhammadu Buhari ɗan Shehu, kun ga waƙar ba baƙuwa ba ce a nan.

Na sha jin ana ƙorafi cewa hukuncin duk na lahira ne, wanda aka ƙwace wa gona bai ga komai a duniya ba. Akwai ƙanshin gaskiya. Sai dai mutumin da ke iya rera laifin hakimi a bainar jama'a, da kalmomin Shehu, ba a iya rufe masa baki cikin sauƙi. A ganina adalcin waƙar shi ne ta auna laifi da girman amanar da aka ɗora wa mutum.