Tsaron Kaya Ya Fi Ban Cigiya: Daga Idon Mai Rumfa Zuwa Ƙofa Mai Ƙara

Duk wanda ya saba shiga manyan kantunan Kano ko Kaduna ko Abuja ya san ginshiƙan nan biyu da ke tsaye a bakin ƙofa, waɗanda kan ɗauki ƙara idan aka ratsa tsakaninsu da kayan da ba a biya ba. Ya kuma san ɗan maɓallin robar da ake maƙala wa riga ko takalmi, wanda ba ya cirewa sai a wurin biyan kuɗi. A Funtua da Malumfashi, da garuruwan da ke cin kasuwanninsu irin su Gozaki da Kafur da Bakori, da wuya a ga irin wannan ƙofa, alhali akwai shagon da kayan cikinsa sun kai na miliyoyin naira. Saurin hukunci zai ce ci baya ne. Tarihi yana nuna cewa kowace dabarar tsaron kaya amsa ce ga tambaya guda: a ina aka shata iyaka tsakanin haja da hannun mai saye? Duk lokacin da iyakar ta gusa, sai dabara ta sake.

Gozaki tsohon gari ne mai ganuwa, kuma masanin tarihi Yusufu Bala Usman ya lissafa shi tare da Maska cikin manyan garuruwan kudancin ƙasar Katsina tun kafin jihadi. Ƙasa ce ta hatsi da auduga. A kasuwar gari irin wannan, kamar sauran kasuwannin ƙasar Hausa, haja tana shimfiɗe a tabarma ko faifai ko ƙwarya, mai ita yana zaune a bayanta, kuma ba ya baza abin da ya wuce inda hannunsa ko idonsa zai kai. 'Yan hatsi suna layinsu, 'yan koli suna nasu, mahauta suna gefe. Wannan tsari ya sauƙaƙa wa mai saye, ya kuma sa kowane mai rumfa ya zama mai gadin maƙwabcinsa, domin ya san kayansa, ya san yaransa, ya san masu cinikinsa. Har gobe idan aka kira salla, ɗan kasuwa kan gitta sanda ko ya yafa zane a kan kaya, ya ce wa na kusa da shi ya duba masa, ya tafi. Sandar ba ta hana hannu miƙewa. Alama ce kawai cewa wurin yana ƙarƙashin idon jama'a.

A bisa wannan akwai Sarkin Kasuwa mai raba rumfuna da sasanta rigima, ga dogarai idan magana ta fi ƙarfinsa. Baƙon falke kuwa ba ya baza kayansa ga kowa. Yakan sauka a gidan fatoma, wanda zai adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali. Baturen nan Hugh Clapperton, da ya ziyarci Kano a 1824, ya ba da labarin cewa ana rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshin riga ko turkuɗi, ta yadda ko a Barno aka kwance aka iske algus, ana mayar da shi, dillalin ya nemo mai kaya a biya. Ke nan tun shekara 200 da suka wuce akwai alamar da ke tafiya tare da haja a kasuwar Kurmi, sai dai abin da take ɗauke da shi sunan mutum ne da mutuncinsa.

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda alƙalan ƙasar nan suka yi hukunci da littattafansu, sun ba wannan iyaka suna: hirzi. A Risala ta Ibn Abi Zaid da Muhtasar na Halil, haddin sata ba ya hawa kan mutum sai abin da ya ɗauka ya kai nisabi, wato rubu'in dinari ko dirhami uku, kuma sai ya fitar da shi daga hirzinsa. Hirzi shi ne wurin da idan an ajiye abu a cikinsa ba za a ce mai shi ya yi sakaci ba, kuma an lissafa shago da farfajiyarsa a ciki. Risala ta ƙara da cewa wanda ya ɗauki abu a ɗakin da aka yi masa izinin shiga ba a yanke masa hannu, ko da yake laifinsa na nan kuma akwai horon da alƙali zai yi masa. Abubuwa biyu ne suka fito a nan da za mu sake haɗuwa da su a gaba: dole a san inda iyaka take, kuma gayyatar mutum ciki tana canja matsayin abin da ya faru.

Tsarin ido da sanayya ya fara sassautawa da zuwan jirgin ƙasa. Dogo ya isa Kano a 1911, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau ya kai Ƙaurar Namoda a 1929. Funtua ta zama matattarar auduga, gari ya cika da baƙi waɗanda ba wanda ya san iyayensu. Kamfanonin Turawa irin su UAC da John Holt da CFAO sun kafa kantuna a garuruwan da ke kan dogo, suna sayen amfanin gona, suna sayar da atamfa da gishiri da kananzir da kwanuka. Kalmomin kanti da kanta duk a wannan zamani suka shigo Hausa. Kanta ita ce sabuwar iyaka: doguwar katanga ta katako, kaya a bayanta, mai saye a gabanta, akawu a tsakani. Ka nuna, a ɗauko maka. Shagon tireda na yau, mai wayar raga da 'yar taga, jikan wannan kanti ne.

Kanta ta toshe hannun baƙo, amma ta buɗe wata kafar, domin mai dukiya ya daina zama a kan dukiyarsa, ya koma dogaro da ma'aikaci. Na'urar farko da ta yi suna a tarihin tsaron kanti ma don ma'aikaci aka ƙera ta. A 1879 James Ritty, mai wata mashaya a Dayton ta jihar Ohio a Amurka, ya yi rajistar injin lissafin ciniki saboda yana zargin yaransa da zurara kuɗi a aljihu. Injin yana nuna kowane ciniki yana kaɗa ƙararrawa, mai gida ya ji ko yana nesa. John Patterson ya sayi kamfanin a 1884, ya mai da shi NCR, injin ya bazu a duniya.

Turawa kansu sun daɗe suna gwada tsananin hukunci kafin su koma ga dabara. A 1699 Ingila ta yi dokar kisa ga wanda ya saci kayan da suka kai sule biyar daga shago, dokar ta yi fiye da shekara 100 tana aiki, satar ba ta ƙare ba. Da manyan kantuna irin Le Bon Marché na Paris suka fara baza kaya a fili, suna barin kowa ya shiga ya taɓa ba tare da tilas ya saya ba, sai aka riƙa kama har matan masu hali da yadi ko safar hannu a ƙarƙashin tufafi. Bahaushe ya riga ya faɗa: idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. 'Yan kasuwar sun san haka, amma sun lissafa sun ga cewa abin da taɓawa ke ƙara wa ciniki ya fi abin da sata ke ragewa.

A 1916 Clarence Saunders ya kai wannan lissafi ƙarshensa, ya buɗe kantin Piggly Wiggly a Memphis, inda mai saye ke ɗaukar kwando ya zaɓi kayansa da kansa. Kanta ta ɓace, albashin masu miƙo kaya ya ragu. Amma Saunders bai bar wurin babu iyaka ba. Ya sa ƙofar shiga mai juyawa, ya tsara hanya guda da ke bi ta gaban duk kaya, mafita ɗaya tak ta gaban mai karɓar kuɗi. Iyaka ta tashi daga gaban haja ta koma bakin ƙofa. Saura yadda ƙofar za ta gane abin da aka biya da wanda ba a biya ba.

Amsar ta zo a tsakiyar shekarun 1960, lokacin da Arthur Minasy ya ƙirƙiro maɓallin da ke ta da ƙara a bakin ƙofa, ya kafa kamfanin Knogo. A daidai lokacin Ronald Assaf, manajan wani kanti a Akron, ya kafa Sensormatic. Iri biyu ne suka fi yawa a yau. Na farko sitika ce mai siririyar wayar alminiyam a nannaɗe, haɗe da ɗan ma'ajin lantarki. Ginshiƙin ƙofa yana watsa igiyar rediyo mai kaɗawa kusan sau miliyan 8.2 a daƙiƙa, sitikar ta amsa, ɗaya ginshiƙin ya ji amsar ya yi ƙara. A wurin biya ana ɗora kayan a kan faranti mai aiko da ƙarfin da ke lalata ma'ajin, sitikar ta mutu. Na biyu ɗan siririn ƙarfe ne da ke karkarwa sau dubu 58 a daƙiƙa idan ƙofa ta buga masa, ya ci gaba da karkarwa na ɗan lokaci bayan bugun ya tsaya, kamar ƙararrawar da aka daka, kuma wannan saura ƙofar ke saurara. Maɓallin tufafi kuwa allura ce da ƙananan ƙwallayen ƙarfe suka cije, sai maganaɗisu mai ƙarfi ke sakinta. Wasu ana zuba musu tawada, wanda ya ɓalle da ƙarfi ya ɓata rigar. Babu batir a cikin yawancinsu. Aikinsu duka ɗaya ne: su shaida cewa abu ya ƙetare iyaka, wato abin da malamanmu suka kira fitarwa daga hirzi.

Wannan salon ciniki ya shigo Nijeriya sannu a hankali. UAC ta buɗe Kingsway a Legas a 1948, Leventis da wasu suka bi, kafin matsin tattalin arzikin shekarun 1980 ya durƙusar da yawancinsu. Shoprite ta buɗe a Ado Bayero Mall ta Kano a 2014, ta rufe a farkon 2024, kantunan 'yan gida irin su Sahad da Jifatu suka ci gaba da tsarin ɗauki-da-kanka. Abin lura shi ne ba su saki mutum sun kama na'ura kaɗai ba. Ana karɓar jaka a bakin ƙofa, ma'aikata suna tsaye a layuka, mai gadi yana duba rasit a mafita.

Ga ɗan kasuwar Funtua ko Malumfashi, maganar lissafi ce. Ƙofa mai ƙara tana son wutar da ba ta yankewa, kowace sitika kuɗi ce da ake shigo da ita da dala, kuma ba ta aiki sosai a jikin gwangwani ko kayan da aka naɗe da ƙarfe. Buhun masara ko na taki ba ya shiga aljihu, abin da ke tsaronsa sito ne da kwaɗo da mai gadi da sunan mai shi da aka rubuta a jiki. Kayan da ke cikin haɗari su ne ƙanana masu tsada: waya, turare, maganin feshi, ledar ingantaccen iri. Masu sayar da su sun riga sun samo mafita daidai aljihunsu, suna sa waya a akwatin gilashi, suna jera kwali wofi a waje, suna kafa kyamara mai aiki da sola. Akwai kuma asarar da babu ƙofar da za ta ji: alat na bogi, da yaron shago da ke sayarwa bai rubuta ba. Wanda bai ƙidaya kayansa a kai a kai ba ma ba zai san ta wace kafa suke zurara ba, kuma littafin shiga da fita ya fi kowace na'ura araha.

Amma yayin da kantunan ɗauki-da-kanka ke ƙaruwa a garuruwanmu, ƙofofin za su zo, kuma akwai abin da ya kamata a shirya masa. Tsohon tsarin ido yana da mummunan gefe da kowa ya sani: kalma ɗaya, “ɓarawo”, ta isa ta tara jama'a a kan mutum, kuma an sha rasa rai a kasuwannin ƙasar nan kafin a binciki komai. Na'ura kuwa tana kuskure. Mai karɓar kuɗi kan manta bai kashe sitika ba, wani kan shigo da kayan da ya saya a wani kanti da sitikarsu a raye. A garin da kowa ya san kowa, dattijuwar da ƙofa ta yi wa ƙara aka zazzage mata jaka a gaban mutane ta yi asarar abin da ya fi kuɗin kayan, mai kantin kuma ya rasa danginta gaba ɗaya.

Saboda haka mai niyyar kafa irin wannan ƙofa ya fara da koya wa mai gadinsa cewa ƙara dalilin tambaya ce kawai. A ja mutum gefe, a nemi rasit cikin ladabi, mace ta duba mace, idan akwai ƙwaƙƙwaran zargi a kira hukuma, kada a ɗaga murya. Alƙalan da suka karanta Risala ba su yanke hukunci da zato ba, sai da shaidu ko iƙirari, kuma sun san wanda aka yi wa izinin shiga ba daidai yake da wanda ya haura katanga ba. Kantin da ya buɗe ƙofarsa ya ce wa jama'a su shigo su taɓa ya ɗauki nauyin tsare kayansa, ya kuma ɗauki nauyin tsare mutuncin waɗanda ya gayyata.