Tarihin Kwamitocin Rabon Tallafin Karatu a Nijar

Kwamitin rabon tallafin karatu shi ne zaman da ake yi don tantance ɗaliban da hukuma za ta ɗauki nauyinsu, da fannin da kowa zai karanta, da ƙasar da za a tura shi. A Jamhuriyar Nijar, kuɗin da ɗalibai ke kira bursu yana fitowa ne ta hannun hukumar ANAB da ke Yamai, bayan kwamitin ƙasa ya duba takardun masu nema. Kujerun wannan zama sun sha canja masu su, daga kwamandan Faransa zuwa ministocin jam'iyya ɗaya, daga nan zuwa sojoji, har aka zo lokacin da ɗalibai da iyaye suka sami bakin magana. Kowane sauyi yakan gangaro har karkara irin Sarkin Yamma, ƙaramar hukuma a gundumar Madarunfa ta jihar Maradi, inda da wuya ɗan manomi ya wuce lise, wato babbar sakandare, in ba da tallafi ba.

Zamanin Faransa

Zaɓen farko ba kwamiti ne ya yi shi ba. Kwamanda ne yake yanka wa sarki adadin yaran da zai kawo lakwal, iyaye suna ɓoye nasu, sarakuna da yawa kuma suna tura ƴaƴan barorinsu a madadin na cikinsu. Yaron da ya yi fice, malaminsa da sufeton makarantu ne ke miƙa sunansa gaba. Ƙarshen tafiyar ita ce makarantar William Ponty ta Senegal, wadda ta yaye Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ƙofar Faransa ta ɗan buɗe. Cikin waɗanda suka shiga akwai Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa a 1929, wanda ya karanci kimiyyar lissafi da fiziya a Faris, ya kuma yi gwagwarmaya a ƙungiyar ɗaliban Afirka ta FEANF. Irinsa ƙalilan ne. Lokacin da Nijar ta sami ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa makarantar boko ba su kai 5 cikin 100 ba.

Jam'iyya ɗaya da ƙofar bayan gida

Da Turawa suka tashi, kujerun suka koma hannun gwamnatin Diori Hamani da jam'iyyar PPN-RDA. Ƙasar ba ta da jami'a, don haka duk wanda ya ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, sai an fitar da shi waje, Dakar ko Abijan ko Faransa. Masu rabon ba kuɗi kawai suke bayarwa ba, su ne ke cewa wannan likita za ya zama, wancan malamin makaranta, gwargwadon giɓin da ke cikin ma'aikatu.

A gefe guda kuma an yi wani rabon a ɓoye. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda aka haramta a 1959 kuma take da magoya baya masu yawa a Maradi da Tasawa da Damagaram, ta samo wa matasanta guraben karatu a Tarayyar Sobiyet da ƙasashen gabashin Turai. Sukan sulale su bar ƙasar ba da sanin hukuma ba, da yawansu kuma sun gamu da tuhuma lokacin da suka dawo da takardunsu.

A 1971 aka buɗe cibiyar karatu mai zurfi a Yamai, ta zama jami'a a 1973. Ministan ilimi a lokacin da ta zama jami'a ɗan Maradi ne, Dan Dicko Dankoulodo, masanin kimiyyar sinadarai, wanda daga baya ya shugabanci hukumar haɗin kan al'adu da fasaha ta ƙasashe masu magana da Faransanci daga 1974 zuwa 1982.

Sojoji da kuɗin yuraniyom

Juyin mulkin Seyni Kountché na 15 ga Afrilun 1974 ya share tsofaffin masu kujeru gaba ɗaya. Ya zo daidai da tashin farashin yuraniyom, baitulmali ya cika, ɗalibi ya riƙa karɓar bursu da masauki da abinci, ga aikin gwamnati yana jiransa ranar da ya kammala. Amma hukuma ce ke da kalmar ƙarshe a kan komai, ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda aka kafa a 1960, ta sha kamu da kora.

Farashin yuraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, sai wasu baƙi suka matso kusa da teburin ba tare da an rubuta sunansu cikin kwamiti ba, wato Asusun Lamuni na Duniya da Bankin Duniya. Shawararsu ita ce a karkata kuɗi zuwa firamare, a rage abin da ake kashewa a kan ɗaliban jami'a.

Gadar Kennedy

Ranar 9 ga Fabrairun 1990, zamanin Janar Ali Saibou, ɗalibai suka fito daga jami'a suka nufi tsakiyar Yamai don ƙin amincewa da wannan tsari. A kan gadar Kennedy jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu: Alio Nahantchi da Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Har yau makarantun Nijar na tunawa da ranar kowace shekara.

Wannan jini ne ya buɗe hanyar Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991 ƙarƙashin André Salifou, inda USN ta zauna a matsayin ɓangare mai ƙuri'a. Tun daga nan ɗalibai suka sami bakin magana a kan maganar bursu. Sai dai kujerar ɗalibi ita ce ta fi saurin canja mai ita. Shugabannin ƙungiya na kammala karatu su tafi, babban taro ya zaɓi sababbi, su kuma su tarar da yarjejeniyar da magabatansu suka sa wa hannu ba a gama cika ta ba.

Karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta ƙara dagula lamarin, musamman ga masu karatu a waje. Bashin bursu ya taru, yajin karatu ya yawaita, har aka soke wasu shekarun karatu ɗungurungum. Matsalar ba ta mutu ba: a zanga-zangar 10 ga Afrilun 2017, wadda jinkirin biyan kuɗin na cikin dalilanta, an sake rasa ɗalibi a Yamai.

Yadda abin yake daga Sarkin Yamma

Ga yaron karkara, tantancewa tana farawa tun kafin takardarsa ta isa Yamai. Ana neman shaidar haihuwa, da ta zama ɗan ƙasa, da sakamakon bak, ana kuma duba maki da shekaru. Wanda aka haifa a gida ba a kai sunansa ofis ba, sai mahaifinsa ya ɗauki shaidu zuwa gaban alƙali a yi masa takardar maye gurbi, wani lokaci shekarun da aka ƙiyasta masa su zame masa cikas daga baya. Wanda ya dace, ana biyansa wata uku-uku. Wanda bai samu ba yana iya neman ɗan agajin da ake ba marasa bursu.

Abin da ya sauƙaƙa wa mutanen wannan yanki shi ne matsowar jami'a. A 2010 aka kafa jami'o'in Maradi da Tawa da Damagaram, ta Maradi kuma tana ɗauke da sunan Dan Dicko Dankoulodo. Ɗan Sarkin Yamma yana iya karatu kusa da gida, a aiko masa da gero da ƙuli-ƙuli idan biya ya yi jinkiri.

A ƙauyen kansa akwai wani kwamitin da ya fi kusa da iyaye. Dokar ilimi ta 1998 ta raba nauyin makaranta tsakanin gwamnati da ƙananan hukumomi da iyalai, daga nan aka samu kwamitocin kula da makarantu da aka kira COGES. Wani shiri da hukumar JICA ta Japan ta tallafa, wanda ya fara a jihar Tawa a 2004 kuma ya game ƙasa a 2007, ya kawo zaɓen mambobi ta ƙuri'ar sirri. A da, mai gari ne ko wani dattijo yake nuna wanda ya ga dama. Yanzu iyaye maza da mata na iya sauke ma'ajin da bai yi bayanin kuɗi ba su ɗora wani, ƙungiyar iyaye mata ma tana da wakilci. Muhimmancin wannan ya ƙaru bayan dokar Disamban 2017 ta kare karatun ƴaƴa mata, da shirye-shirye irin SWEDD da suka ba ƴan mata tallafi, domin mutanen gari ne suka san gidan da ake shirin cire yarinya daga aji.

Ƙetaren iyaka

Madarunfa na iyaka da jihar Katsina, tsarin can kuma ya bambanta. A Najeriya jihohi na da hukumominsu na tallafin karatu, gwamna ne ke naɗa mambobi, sabon gwamna kuma yakan zo da nasa. A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 ta tura rukunin ɗalibai 501 ƙasashen waje, wadda ta gaje ta ta koka da bashin da ta tarar, sannan gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta farfaɗo da shirin a 2023 da gurabe 1,001.

A Nijar rabon na hannun gwamnatin tsakiya, har da guraben da ƙasashe irin Aljeriya da Maroko da Turkiyya da Sin da Rasha ke bayarwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Faransa ta dakatar da ba da biza ga ɗaliban Nijar da Mali da Burkina Faso, abin da ya ƙara wa waɗannan guraben daraja.