Karantar da yaro a gida a karkarar arewacin Kano: doka, tsaro da kamfanonin fasaha

Karatun gida, a ma'anar da duniya ta san shi yau, shi ne iyaye su ɗauki nauyin koyar da 'ya'yansu da kansu, ko su ɗauko malami ya zo gida, a madadin tura su makaranta. A Amurka dukkan jihohi 50 sun halatta shi tun 1993, kuma a shekarar korona ƙididdigar hukumar ƙidayar ƙasar ta nuna gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari a farkon 2020 zuwa kashi 11.1 kafin shekarar ta ƙare. Jamus ta haramta shi. Faransa ta ƙuntata shi da dokar 2021, yanzu sai an nemi izini. Afirka ta Kudu ta amince da shi a dokar makarantunta ta 1996, da sharaɗin a yi wa yaro rajista.

A ƙananan hukumomin arewacin Kano, wato irin su Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bichi, Tsanyawa, Shanono, Bagwai, Dawakin Tofa da Minjibir, maganar ta sha bamban. Da wuya ka sami magidancin da ya zauna ya auna makaranta da gida sannan ya zaɓi gida. Yawanci yaro yakan tsinci kansa a gida ne domin makarantar ta yi nisa, ko babu malami a cikinta, ko gwamnati ta rufe ta, ko kuma uba ya ji labarin da ya hana shi barci. Saboda haka kafin a yi muhawara a kan amfanin karatun gida a nan, sai an rarrabe tsakanin yaron da ake karantarwa a gida da yaron da ke zaune a gida kawai.

Tushensa a ƙasar Hausa

Koyarwa a cikin gida ba baƙuwa ba ce. Makarantar allo tun asali a zauren malam take, ko a ƙofar gidansa, kuma a gidajen malamai da yawa yaro kan fara babbaƙu da farfaru a gaban mahaifinsa ko kakarsa. Manya kuma suna ɗaukar karatun littattafai a makarantar zaure, ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, kowa da inda ya tsaya. Wannan shi ne abin da masu kare karatun gida a Turai suke yabawa, wato kowane yaro ya tafi da saurinsa.

Misali mafi girma shi ne na Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1793 zuwa 1864). Ita ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda ta riƙa horar da jajis, manyan mata da ake naɗa wa malfa, su koma ƙauyukansu su koyar da mata a cikin gidajensu ta hanyar waƙoƙin da ta rubuta da Hausa da Fulatanci. Abin lura a tsarin nan shi ne, ko da yake a gida ake karatun, akwai cibiyar da ke horar da mai koyarwa, akwai abin da aka tsara za a koyar, akwai kuma wadda ake komawa gare ta. Waɗannan abubuwa uku su ne karatun boko na gida ya rasa a karkarar Kano yanzu.

Abin da doka ta ce

Dokar ilimin bai-ɗaya ta tarayya ta 2004, wadda aka fi sani da dokar UBE, ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙo ya tabbatar ɗansa ya halarci firamare da ƙaramar sakandare, ya kuma kammala, shekara tara ke nan. Wanda ya saɓa, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu ko duka biyun. Dokar ba ta tanadi wata hanya ta yi wa mai karatun gida rajista ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da shirinta na ilimi kyauta kuma dole a 2019 zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, sannan a watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi.

A aikace, ba a cika jin an gurfanar da wani uba a kan wannan ba, kuma dalili a fili yake: hukumar da ba ta samar da aji da malami ba, ba ta da bakin tuhumar wanda bai kawo ɗansa ba. Illar wannan shiru na doka a kan yaro take faɗawa. Ba wanda ke zuwa ya duba ko ya iya karatu, ba kuma takardar da zai nuna. Ƙofar da ta rage masa ita ce jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda ba ta buƙatar a fito daga wata makaranta, sai kuma JAMB, wadda ake rubutawa a kan kwamfuta kuma tun 2021 take neman lambar NIN. Yaron da bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, ranar jarrabawa abu biyu zai yi fama da su.

Gona, talla da lokacin yaro

Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru tun daga 1960 da 'yan kai yana nazarin ƙasar noma da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi cunkoso har ba a barin gona ta huta. Abin da ke riƙe da ƙasar shi ne aikin hannu: a kai taki, a shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa, a ɗaure awaki da tumaki a gida duk damina, a yanko musu ciyawa kullum. Babban kaso na wannan aiki a wuyan yara yake. Wata masaniya, Enid Schildkrout, ta nuna a bincikenta na birnin Kano a shekarun 1970 yadda sana'ar matan kulle ta dogara a kan yara masu talla da aike. Haka abin yake a ƙauye, ko ma ya fi.

Wannan yana da fuska biyu. A gida yaro yana koyon abin da makaranta ba ta koyarwa: sanin ƙasa, lokacin shuka, kiwo, awo da ciniki a kasuwar ƙauye ko ta Dawanau. Kalandar makaranta kuwa ba ta san damina ba, shi ya sa azuzuwa kan yi fayau lokacin noma da girbi. Amma a gidan da ake buƙatar hannun yaro, sa'ar karatu ita ce farkon abin da ake yankewa. Makaranta, komai lalacewarta, takan ƙwace wa yaro 'yan sa'o'i daga hannun aiki. Yarinya ta fi kowa asara idan aka rasa wannan, domin zamanta a gida kan zarce daga talla zuwa aure ba tare da an lura da ranar da karatun ya tsaya ba.

Sai kuma tambayar wa zai koyar. A Amurka yawanci uwa ce mai ilimi take barin aiki ta zauna da yara. A ƙauyukan nan iyaye mata da yawa sun yi karatun allo ko Islamiyya, suna iya koyar da Alƙur'ani da tarbiyya, amma lissafin aji biyar da Turanci sai an nemo wani. Wanda ake samu galibi matashi ne mai takardar NCE da bai sami aiki ba, irin waɗanda kwalejin ilimi ta Bichi ke yayewa duk shekara, sai gidaje huɗu ko biyar su haɗa kuɗi ya riƙa koyar da yaransu a zaure da yamma. Wannan shi ne nau'in karatun gida mafi ma'ana a yankin, kuma idan aka duba da kyau ƙaramar makaranta ce marar rajista.

Tsaro

Ranar 11 ga Disamban 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. Nan take gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana guda goma da ke wajen gari, ta kuma rufe wasu manyan makarantu, ciki har da Kwalejin Noma ta Audu Baƙo da ke Dambatta. A watan Mayun shekarar aka ɗauke yara fiye da ɗari a wata Islamiyya a Tegina, abin da ya nuna ba makarantar boko kaɗai ake hari ba. Kuriga ta biyo baya a Maris 2024, sai Maga da Papiri a Nuwamban 2025. A ƙarshen 2025 ɗin ne kuma hare-hare suka tsananta a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa masu iyaka da Katsina.

Uban da ya riƙe 'yarsa a gida bayan waɗannan labarai ba jahilci ne ya sa shi ba. Sai dai lissafin bai cika ba. Manyan sace-sacen ɗalibai sun fi faruwa a makarantun kwana, cikin dare, a wuraren da ke gefen daji, kuma firamaren jeka-ka-dawo da ke tsakiyar ƙauye ba irinsu ba ce. Hare-haren Shanono da Tsanyawa kuma gidaje suka shiga, a ɗakunansu aka ɗauki mutane. Inda ƙauye ba shi da tsaro, gida ba mafaka ba ne. Abin da rufe makaranta yake tabbatarwa kawai shi ne ba za a kwashi yara da yawa a wuri guda ba, wanda hakan ya fi kare gwamnati daga abin kunya fiye da yadda yake kare yaro. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta duniya tun 2015, kuma a ƙarƙashinta ci gaba da karatu lokacin rikici nauyi ne a kan hukuma.

Wayar hannu a matsayin malami

Da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, Kano ta koma koyarwa ta rediyo da talabijin. A karkara rediyon ne ya isa, domin batir biyu ya ishe shi. Bayan haka kamfanoni suka shigo. Manhajar uLesson, wadda Sim Shagaya ya kafa a 2019, tana sayar da darussan bidiyo. A 2022 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar da Nigeria Learning Passport a kan fasahar Microsoft, kyauta. YouTube da WhatsApp kuwa sun zama makaranta ba tare da kowa ya naɗa su ba.

Matsalar farko ta kayan aiki ce. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, tana aljihun maigida ko babban wa, ana kai ta caji shago a biya. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Yawancin darussan kuma da Turanci suke, alhali yaron da ake son ya amfana bai gama iya karanta Hausa ba. Bidiyo yana taimakon mai karatu, amma ba ya lura da yaron da ya yi shiru don bai gane ba.

Ta biyu ta shafi tsaro kai tsaye. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara, sannan a ƙananan hukumomi 13 na Katsina da wasu sassan Sakkwato da Kaduna, domin yaƙi da 'yan bindiga. Ma'ana, wuraren da aka rufe wa makarantu su ne kuma aka ɗauke wa intanet. Duk mai cewa waya za ta maye gurbin aji a yankin da ke fama da rikici, ya kamata ya tuna da wannan. Dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya ƙara nuna cewa sanarwa ɗaya daga Abuja ta isa ta rufe dandali.

Ta uku ita ce wadda aka fi yin sakaci da ita: bayanan yaro. A Mayun 2022 ƙungiyar Human Rights Watch ta binciki manhajoji da shafukan karatu 164 da gwamnatocin ƙasashe 49 suka amince da su lokacin korona, ta gano kashi 89 cikin ɗari suna bibiyar yara ko suna da damar yin hakan, da yawa kuma suna miƙa bayanan ga kamfanonin talla. A 2019 Google ya biya dala miliyan 170 a Amurka a kan tattara bayanan yara ta YouTube. A 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci TikTok tarar yuro miliyan 345 a kan asusun yara. A gida Nijeriya, hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta ci kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, tarar dala miliyan 220 a Yulin 2024, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ce sai da yardar iyaye ko mai riƙo za a sarrafa bayanan yaro. A takarda kariya ce mai kyau. A ƙauyen Kunci ko Makoɗa kuwa, yardar tana nufin uba ya danna wani wuri a ƙarƙashin dogon rubutun Turanci da bai karanta ba, sau da yawa ma mai shagon caji ne ya buɗe asusun. Tun da aka fara haɗa layin waya da NIN a Disamban 2020, duk abin da yaro ya yi a wayar da sunan mahaifinsa yake tafiya. Kamfanonin nan ba don cutar da ɗan Kano aka kafa su ba, kuma darasin lissafi na kyauta alheri ne na gaske. Amma ribarsu tana cikin tsawon lokacin da ido ya ɗauka a kan allon waya, don haka darasin da ya ƙare, abin da ke biye da shi ba malami ne ya zaɓa ba. Ostareliya ta ɗauki matakin hana 'yan ƙasa da shekara 16 buɗe asusu a manyan dandalin sada zumunta daga Disamban 2025, a gidan da waya ɗaya ke yawo a hannun mutum shida kuwa, irin wannan doka ba ta da inda za ta kama.

Abin da ya dace a nema daga majalisar jiha da hukumar SUBEB bai da tsada sosai: a yi wa azuzuwan zaure rajista a ofishin ilimi na ƙaramar hukuma, a ba su littattafai, a riƙa gwada yaransu a ƙarshen zango tare da na firamare mafi kusa, a kuma tanadi darussan Hausa na rediyo da na katin waya da ke aiki ba tare da intanet ba tun kafin a sake rufe makarantu.