Wasiƙun Gidan Waziri da Hotunan Cikin Adaka

Da sojojin Turawa suka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, cikin abin da suka taras a gidan Waziri Buhari akwai tarin wasiƙu na Larabci da sarakunan daula suka riƙa aikowa. Sai a 1927 wani jami'in mulkin mallaka, H. F. Backwell, ya fitar da fassararsu da Turanci, aka buga a Legas. A cikinsu ne ake jin muryar Lamiɗo Zubairu bayan an kore shi daga Yola a 1901, da ta Sarkin Kano Alu yana ba Waziri shawarar a yi hijira a bar wa Nasara ƙasar. Littattafan tarihi suna faɗa mana wa ya ci wa. Wasiƙun nan kuwa suna nuna manya cikin fargaba, ba su san abin da gobe za ta haifar ba, kuma a tsakiyar tashin hankalin ana ta maganar bawan da ya gudu da gaisuwar da ba ta iso ba.

Abin da ya sa suka tsira ba boyayye ba ne. Tun zamanin Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, gidan Waziri shi ne ƙofar da saƙon sarakuna ke bi kafin ya kai ga Sarkin Musulmi, don haka ajiye takarda aikin gidan ne. Waziri Junaidu, wanda ya hau a 1948 ya rasu a 1997, ya gaji wannan hali, ya kuma buɗe ɗakinsa ga masu bincike. A wurinsa Murray Last ya zauna kafin ya fitar da littafinsa kan daular Sakkwato a 1967.

A sauran gidajen malamai fa? Littafi muke girmamawa. A yi masa tadarishi, a sa shi a gafaka, a rataye nesa da gara. Wasiƙa kuwa da an karanta ta gama aikinta. Ko muhawarar da aka yi tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno kan halaccin jihadi, ta kai gare mu ne saboda Bello ya kwafe wasiƙun cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812. Da a warwatse aka bar su, ina jin da tuni sun bi ruwa.

Wanda ya taɓa riƙe irin wannan takarda a hannu ya san tana da nata sha'ani. Hatimin sarki a sama, sai bisimilla, sai daga wane zuwa ga wane, sai gaisuwa mai tsawo, sannan maganar ta zo a layi uku ko huɗu. Sau da yawa babu kwanan wata, domin manzon da ya ɗauko ta shi ke ɗauke da sauran bayani a bakinsa. To manzo ya mutu da abin da ya sani. Shi ya sa masu bincike suke bin hatimi da sunayen masu sarauta, suna kuma ɗaga takardar ga haske su ga tambarin masana'anta. Hoton jinjirin wata uku a jere, alal misali, alamar takardar Italiya ce da fatake suka riƙa shigo da ita ta hamada. Tawadar gawayi da ƙaro tana jure shekaru, amma ɗigon ruwa ɗaya daga rufin soro ya isa ya wanke layi guda.

Taskar gwamnati ta zo daga baya. Kenneth Dike ne ya yi faɗi-tashi har aka buɗe ofishin adana takardu a Ibadan a 1954, daga nan Kaduna ta samu reshenta. A Jos, A. D. H. Bivar ya tara rubuce-rubucen Larabci a gidan tarihi. Abdullahi Smith da ɗalibansa a Zariya suka shiga gari gari suna roƙon malamai aron takardu, a ɗauki hotonsu a mayar wa mai su, kuma shi ne ya fara jagorantar Arewa House da aka kafa a gidan Sardauna a 1970. Wasu tarin kuma sun ƙetare teku. Takardun Umaru Falke, malami ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, fiye da guda 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Raina yana sosuwa da haka, amma gaskiya ɗaya ce: suna nan cif, wuri guda, da an bar su ga rabon gado da wuya a ce haka.

Rabon gado, a ganina, ya fi gara ɓarna. Malami ya rasu, a raba littattafai tsakanin 'ya'ya, a kai wasu Gusau wasu Maraɗi. Tarkacen takardun da ke ƙasan akwati kuwa, tun da akwai sunan Allah a jiki ba za a zubar a juji ba, sai a ƙona ko a binne, da kyakkyawar niyya.

Hoto ya fi wasiƙa maraici. Bayan rasuwar kakanmu, gwaggona ta buɗe adakarta ta fito da hotuna baƙi da fari, ɗaure cikin tsohon ɗankwali. Ɗaya ya manne da gilashin firam, rabin fuskar mai shi ya tafi. A bayan wani akwai tambarin mai hoto na Sabon Gari, amma babu sunan kowa, babu shekara. Maza biyar ne a tsaye da manyan riguna gaban wata motar haya, da yaro a tsugune riƙe da buta.

Na ce, "Gwaggo, su wane ne waɗannan?"

Ta kai shi kusa da ido. "Wannan Malam ne, kakanka, ranar da za su tafi Makka ta ƙasa. Na damansa ƙaninsa ne, shi bai dawo ba, a Sudan ya zauna. Mai butar nan kuwa ubanka ne, ɗan nan."

Sauran ukun ta ce ta san fuskokin, sunayen sun ɓace mata. A ranar na rubuta abin da ta faɗa a bayan hoton da fensir, domin biro yana huda takarda, tawadarsa kuma tana ratsowa gaba.

Taskokinmu sun fi ƙarfi a hotunan sarakuna da gwamnoni da hawan daba. Je ka Gidan Makama a Kano ka gani. Hoton amarya a kan gadon ƙarfe da jeren kwalla da samira a bayanta, ko na ɗaliban makarantar ilimi kewaye da malaminsu a zaure, yana gidajen mutane, kuma mutane ba sa son bayarwa. Ban ga laifinsu ba. Akwai kunya, musamman hoton matan gida, akwai kuma tsoron kada a karɓa a ƙi mayarwa. Dabarar su Abdullahi Smith ita ce har yanzu ta fi dacewa da mu, a kwafa a bar wa iyali nasu. Tun 2004 ɗakin karatu na British Library yake ba da tallafin irin wannan aiki, an kuma yi shi a Kano da Kaduna, sai dai takardu aka fi bi. Hotunan gida har yanzu suna jiran wanda zai zauna da tsofaffin mata, da fensir a hannu, ya tambaye su sunaye.