Kyauta 364 da Kyanwoyin Ahmes: Tsohon Lissafi a Bakin Nilu

A unguwar Ma'adi, kudu da tsakiyar Alƙahira, sau biyu ake Kirsimeti. Baƙin da suka cika unguwar tun bayan da kamfanin Delta Land ya yanka filayenta a farkon ƙarni na 20 suna yin tasu ranar 25 ga Disamba. Kibɗawa kuwa, masu ƙasa, sai 7 ga Janairu. Suna da tsohuwar majami'a a bakin ruwa, inda suke cewa daga nan Nana Maryam da ɗanta Annabi Isa suka hau jirgi zuwa kudancin Masar. Sunan unguwar ma daga jiragen fito ya samo asali. Kwana 12 bayan Kirsimetinsu, akasari 19 ga Janairu, suke bikin Giɗas, su ci gwaza su sha rake.

Irin waɗannan kwanaki 12 ne Turawan Ingila suka yi wa waƙa, wadda aka fara bugawa a Landan a 1780 cikin wani ɗan littafin yara, Frederic Austin kuma ya daidaita mata karin da aka sani yau a 1909. Masoyi ne ke aiko da kyauta. Ranar farko tsuntsuwa ɗaya, rana ta biyu sabon abu guda biyu tare da maimaita na jiya, haka har rana ta 12. Asalinta wasan gwada ƙwaƙwalwa ne, wanda ya yi tuntuɓe a jerin sai ya biya tara.

To, kyauta nawa ke nan? Mai gaggawa zai ce 78, domin ya haɗa 1 zuwa 12. Wannan kayan ranar ƙarshe ne kawai. Ranar farko 1 ce, ta biyu 3, ta uku 6, ta huɗu 10, haka suke hawa har 78, kuma idan aka tara su duka sai a sami 364. Akwai gajeriyar hanya, wadda Aryabhata na Indiya ya rubuta tun shekarar 499: a ninka 12 da 13 da 14, a raba gida 6. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙirga ta fuskar kayan. Tsuntsuwar ranar farko sau 12 ta zo, guda ɗai-ɗai, makaɗan ranar ƙarshe su 12 sau ɗaya suka zo, sun yi kunnen doki. Masu rinjaye su ne na tsakiya, kayan rana ta shida da ta bakwai, kowanne 42. A taƙaice, an tara wa baiwar Allah tsuntsaye 184, zobba 40 da mutane 140 masu jiran tuwon dare. Ko a lefen 'yar sarki ba a wannan ɓarna.

364 saura kwana ɗaya ta cika shekara, kuma shekarar kwana 365 a ƙasar Masar aka tsara ta: wata 12 masu kwana 30, da ƙarin kwana 5. Kalandar Kibɗawa har yau a kan wannan tsari take.

Sai dai Masar ta riga Ingila wannan wasa da fiye da shekara 3,000. A 1858 wani ɗan Sikotilan, Alexander Henry Rhind, ya sayi wata naɗaɗɗiyar takardar bardi a Luksor, can kudu nesa da Ma'adi. Wani magatakarda mai suna Ahmes ne ya kwafe ta wajen 1550 kafin haihuwar Annabi Isa, a shekara ta 33 ta sarautar Apofis, ya kuma faɗa da kansa cewa daga wani littafi na zamanin Fir'auna Amenemhat na Uku ya ɗauko. A matsala ta 79 akwai jeri gajere: gidaje 7, kyanwoyi 49, ɓeraye 343, alkama 2,401, sai mudun awo da suke kira hekat 16,807. Jimla 19,607. Ahmes bai ba da labari ba, sunaye da lambobi kawai ya jera. Masana ne daga baya suka ɗinka zaren: kowane gida da kyanwa bakwai, kowace kyanwa ta kama ɓera bakwai, kowane ɓera da ya ci zangarniya bakwai, kowace zangarniya da an shuka ta da ta ba da mudu bakwai.

Wanda ya haɗa gida da kyanwa da mudu a jimla ɗaya ba kayan rumbu yake ƙirgawa ba. Wasa yake da ɗalibi, yana koya masa dabara. Dabarar tana gefen takardar: ya ɗauki 2,801, ya ninka ta zama 5,602, ya sake ninkawa ta zama 11,204, ya haɗa ukun, sai ga 19,607. Ɗaya da biyu da huɗu bakwai ke nan, wato 2,801 sau bakwai ya yi, kuma haka Misirawan da suke yin sau, ta ninki biyu-biyu. Bambancinsa da waƙar Turawa a fili yake. Ita tarawa take, shi ya sa bayan kwana 12 ba ta kai 400 ba. Shi kuwa ninkawa yake, taki biyar ya kusa 20,000.

Kuma malam ya yi tuntuɓe. A wurin 2,401 hannunsa ya rubuta 2,301, amma jimlar ta fita daidai. Da a wasan yaran Ingila ne, da ya biya tara. Kuskuren yana nan a gidan tarihi na Birtaniya, inda takardar take tun 1865.

Ɓera da hatsi ba baƙin Ma'adi ba ne. Tsakanin 1930 da 1953 masanan jami'ar Alƙahira, cikinsu har da Mustafa Amer da Ibrahim Rizkana, sun tono wani ƙauye a gefen hamadar unguwar wanda ya girmi Ahmes da kusan shekara 2,000. Sun sami ramukan ajiya, manyan tuluna, tagulla da ƙasusuwan jakai. Mutanen ba su san rubutu ba, amma duk mai rumbu ya san abin da ɓera ɗaya ke jawowa kafin kaka.

Wasan bakwai-bakwai ya sake ɓullowa a 1202 a littafin Fibonacci, ɗan Italiya da ya koyi lissafi a Bijaya ta Aljeriya ya kuma zaga har Masar. Shi da tsofaffin mata bakwai masu tafiya Rum ya fara, jimlarsa 137,256.

Mu ma muna da namu masanin lissafi a birnin Alƙahira. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi a 1732 kan hatimin lambobi, irin gidajen da duk layin da ka haɗa jimla ɗaya zai ba ka. Ya rasu a Alƙahira a 1741, yana baƙon Shaihu Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Mai karatu na iya gwada dabarar Aryabhata da azumi. A ce ana aiko maka da dabino bisa tsarin waccan waƙa, tun daga ɗaya ga wata. Idan wata ya yi 29, ka karɓi 4,495. Idan ya cika 30, ɗauki alƙalami ka lissafa da kanka.